Kan Jirgin da Aka Shafe da Fenti

Bayan rasuwar mai ɗakina, babban ɗana ya dawo da ni gidansa a Gwallameji. Gida kam sai hamdala, ga fanka ga tayil. Amma ƙarfe bakwai na safe kowa ya watse, shi ofis, matarsa ofis, yara makaranta. Sai ni da ƙarar firij. Kaɗaici ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Abin da nake nema bai wuce mutum ɗaya da zai ce, "Baba, da can me kake yi?" ba.

Da can wuta nake zuba wa jirgin ƙasa. Shekara tara ina ɗiban kwal da shebur ina cusa wa tukunyar da ke dafa ruwa, tururin ya tura ƙafafun jirgi. Abokan aikina duk ƙasa ta rufe musu ido.

Ran nan na ji an ce akwai tsohon kan jirgi na tururi da aka ajiye a wata rumfa don masu kallo. Na saka babbar rigata, na hau keke.

Ba kowa a wurin sai mai gadi, wani magidanci mai tumbi, yana kishingiɗe a benci yana latsa waya. Na hau inda muke tsayawa da. Sai da na taɓa ƙofar wuta da bayan hannu kafin in kama, kamar yadda aka koya mana, alhali ƙarfen ya fi randa sanyi.

Da na ɗaga kai, raina ya ɓaci. Akwai wani siririn gilashi da ke nuna yawan ruwan tukunya. Mai zuba wuta ba ya ɗauke ido daga kansa, don in ruwa ya yi ƙasa, tukunya ta fashe, sai dai a tsinci mutum a gonar wani. Wai shi ne wani gwani ya bi ya shafe da jan fenti, don ya yi kyau! Kai, rashin sani ya fi dare duhu. Na sa farce na fara kankarewa.

"Kai Baba! Lafiya? Sauko!" in ji mai gadin.

Na sauko ina huci, na ce masa aikina ne wannan tun bai san hannun damansa ba.

Sai ya ajiye wayar, ya gyara zama. "Allah, Baba? To zauna, ina da tambaya."

Murna ta kama ni. Na tattara riga na zauna kusa da shi.

Ya rage murya. "Bututun nan na ciki, tagulla ce ta gaske? 'Yan gwangwan sun ce in ita ce, za ta yi nauyi."

Na gane sarai inda ya dosa. Amma na amsa masa. Na faɗa masa wanne ne tagulla, wanne ne baƙin ƙarfe, har da waɗanda bai tambaya ba, ina jan zancen don kada ya koma kan wayarsa.