Ɗan Wasan da Tela Ya Hana Shiga Fili

Tela yana saurayi aka karya masa gwiwa a filin ƙwallo, tun daga nan yake jan ƙafa. Yanzu da furfura a gemunsa, abin da ya rage masa shi ne wasan ƙwallo na kwamfuta a ƙuryar shago, bayan keken ɗinki. Shi ne koci a ciki. Ya ƙirƙiri ɗan wasa mai kamarsa, kullum yana ba shi horo, amma bai taɓa sa shi a fili ba. Mazauna shago suna ta yi masa dariya, marasa kunya, sai ka ce sun san zafin karaya.

To, maki ba ya taruwa sai ana buga wasa. Ƙarfin yaron ya tsaya cak, har kulob ya ce zai sayar da shi in bai buga ba.

Ƙanwarsa mai yi masa guga ta ce, "Yaya, sa shi mana. Wannan ko ƙashi gare shi?"

Ya sa shi. Yaron na karɓar ƙwallo sai ga wani ƙaton ɗan baya ya taho da ƙafa biyu. Gaban Tela ya faɗi, ya fizge wayar wuta daga bango.

Da ya sake kunnawa, makin wasan duk ya tafi. Ya mayar da yaron benci, yana kallo aka sayar da shi.