Kafaɗata ba ta taɓa makarar Yaya Sale ba

Yau da safe maƙwabcinmu Baba Ilu ya tarar da ni zaune a bakin hanyar Unguwar 'Ya, na dafe gwiwa ina haki.

"Malam Habu, lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Baba. Gudu nake koya."

Ya dubi tumbina. Ya san dalili. Ranar jana'izar yayana Sale, masu ɗaukar makara suna ta sauri ana karɓa-karɓa, ni kuwa ƙiba ta bar ni a baya. Ni da na buga wa unguwarmu ƙwallo! Har aka sa shi a kabari ban kama ba.

Likita ya ce in fara da tafiya, sannan 'yar sassarfa, in na ji zafi in tsaya. Haushin kaina ya sa na zura da gudu. Ga gwiwa nan ta kumbura.

"Bi a hankali, ɗana," in ji Baba Ilu. "In tawa ta zo, ina so ka kama."

Na kasa gaya masa ko masallaci da ƙyar nake kaiwa.

Jama'a, wanda ya taɓa fita daga wannan hali, ta ina ya fara?