Fiffiken da Ba a Buɗe Ba

Shekarun da muka zauna a unguwar Sa'alaba ta Jidda, ni da baban yarana gida ɗaya muke wa aiki. Shi direba ne, fasfonsa na hannun maigidan, wanda shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar. Ni kuwa umra ce ta kawo ni na laƙe, ina dafa musu abinci ba takarda. Maigidan da ƙanensa sun gaji wani ƙaramin jirgin sama daga ubansu, mai kujera shida, da shi suke zuwa gonar dabinonsu can arewa. Jirgin ya girmi duk 'ya'yansu.

Iskar Jidda gishiri ce, ko ƙofar ƙarfe ba ta ƙyalewa. Wata shekara injiniyan da ke kula da jirgin ya ga tsatsa daidai inda fiffike ya haɗu da gangar jiki. Ya ce sai an kwance fiffiken gaba ɗaya an duba ƙarfen ciki, aikin kuma tsadarsa ta kusa kamo darajar jirgin.

Ina bayan labule ina miƙa farantin shinkafa ranar da suka yi maganar. Ƙanen yana so a buɗe. Maigidan ya ce, "In an buɗe aka tarar ya ruɓe fa? Mun biya an gaya mana gawa muka ajiye. Muddin ba a buɗe ba, jirgi ne."

Suka yi ta ja har abinci ya huce. Daga ƙarshe suka tsaya a kan iyalinsu ba za su ƙara shiga ba, amma zai ci gaba da kai kaya da ma'aikata gona. Maigidan ya ce "Halas," wato shi ke nan, ya nemi ƙarin nama. Injiniyan ya ƙi sa hannu, suka sallame shi suka nemo mai sauƙin kai.

Mijina ne ke raka kayan. Na gaya masa abin da na ji, da ma ban gaya masa ba. Duk ranar tafiya sai ya tashi ba ya iya karyawa, ya yi ta shafa kan yara. Ya ce da ni tun daga tashi har sauka idonsa na kan fiffiken, yana ganin yadda yake rawa in sun shiga iska. Mutum mai jiki, sai da wando ya daina zama masa a ƙugu.

Rannan ya daure ya ce da maigidan, "Ranka ya daɗe, a bar ni in bi hanya da mota, ko kwana zan yi."

Maigidan ya kira ƙanensa ya zo ya sha dariya. "Ji wannan, tsoron mutuwa yake. Kai ba Musulmi ba ne? Akwai mai wuce ajalinsa? Yalla, wuce mu tafi."

Haka ya tafi.

Da takardun jirgin suka kusa ƙarewa, sai aka yi masa sabon fenti, fari da shuɗi, aka sa shi a kasuwa. Mai saye ya samu, wani Alhaji ɗan kasuwa daga ƙasarmu da ya zo umra, yana son jirgin ɗaukar mutane tsakanin garuruwa. Larabcinsa bai nuna ba, don haka aka sa mijina tafinta.

Shi ya ba ni labarin zaman. Maigidan na yabon jirgi, mijina na juyawa da Hausa, har zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya sunkuyar da kai kamar fassarar yake yi, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, tsakanina da Allah fiffiken nan akwai tsatsa a ciki. An ce a buɗe sun ƙi. Kada ka ɗora 'yan'uwanmu a kai."

Alhaji ya dube shi, ya gyaɗa kai. Sai ya juya wajen maigidan da gurgun Larabcinsa ya ce, "Direbanka ya ce fiffike ya lalace. Sai ka rage mini."

Aka rage masa, ya saya. Suka sha gahawa, suka yi musafaha. Da Alhaji zai fita ya dafa kafaɗar mijina ya ce, "Ka yi mini rana, Allah Ya yi albarka."

Maigidan bai zagi mijina ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya karɓe makullin mota, kafin mako ya zagayo an buga masa hatimin fita ƙasar ba dawowa. Ban raka shi filin jirgi ba, mai zama ba takarda ba ta kai kanta can. A bakin lungu muka yi sallama, ƙaramarmu na riƙe da ƙafarsa sai da na ɓanɓare ta.

Washegari na koma aiki, don dole a ci. Ina wanke tukwane uwargidan ta leƙo ta tambaye ni ko na san wani direba a cikin mutanenmu, amma wanda ba shi da surutu.