Muryata Daga Cikin Ciyawa

Wallahi wannan labarin ba ji na yi ba, a jikina ya faru, ga tabon nan a hannuna na hagu, in na ƙara ko kalma ɗaya Allah Yana gani. Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi.

Shekarar da aka koma tuƙin dama ne, muna haya a Unguwar Sarki nan Kaduna, maigidana yana masinja a wani ofishin gwamnati. 'Yarmu ɗaya a lokacin, ta kusa shekara uku. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, kun ga kunya biyu ke nan, ni ba na faɗin sunan, ubanta ba ya faɗi, Ummi muke ce mata. Ko a nan ba zan rubuta shi ba.

Wata Lahadi 'yan ofishinsu suka shirya zuwa kallon namun daji a wani gandun gwamnati, aka ce kowa ya zo da iyalinsa. Ni dai raina bai so ba, don ni ko kyankyaso na gani kusa da Ummi sai gabana ya faɗi, amma Yaya Lami, yayar maigidana, ta ce, "Ke kin cika tsoro, maman Ummi. Giwa ce za ta bar ganye ta ci ki?" Haka na goya yarinya muka shiga Landiroba bayan asuba, sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa.

A ƙofar gandun aka haɗa mu da mai yi mana jagora, Baba Dogo, tsohon maharbi ne da gwamnati ta ɗauka aiki, kakinsa duk ya koɗe, layu a damtse, bindiga a kafaɗa, wuƙa a ƙugu. Ya ce kada wanda ya sauka sai ya ce, kada a jefa wa dabba abinci. Sannan ya ce, "A dajin nan ba a kiran mutum da sunansa na yanka. In kana son wani, yafuto shi. In kuma ka ji an kira ka daga cikin ciyawa, kada ka amsa."

Malam Iliya, akawun ofis wanda ya shirya tafiyar, ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan dokar tana cikin takardar gwamnati?"

Baba Dogo ya ce, "Tana wajen waɗanda suka riga gwamnati zuwa nan."

Gaskiya mun sha kallo. Mun ga gwanki, mun ga garken ɓauna sun tsaya suna harararmu, ga gadu yana gudu da jela a sama, Ummi tana ta ƙyalƙyala dariya tana nuna shi. Abin da ya dame ni kawai ƙudan tsando, tun safe nake kore mata su da gefen mayafi.

Da azahar muka tsaya bakin wani rafi, ƙarƙashin bishiyar kanya. Baba Dogo ya gangara ya duba ko akwai kada, shi kuwa Malam Iliya sai ya zaro takarda daga aljihu, wai zai tabbatar an cika, ya tsaya kamar malamin makaranta yana kiran suna ɗai-ɗai da ƙarfi. Da ya zo kan Ummi ya kira sunanta na yanka, ba wanda ya amsa, wa zai amsa? Sai ya sake, ya ƙara ɗaga murya. Baba Dogo ya hauro da gudu, ya dube shi kawai, ya ce, "A yi salla mu bar nan."

A nan na lura ƙudan tsandon nan babu ko ɗaya. Na gaya wa Yaya Lami, ta ce to ba sai in gode Allah ba.

Maza suka yi sahu, Baba Dogo ya jingine bindigarsa a jikin mota ya bi su. Ni da Yaya Lami muka zagaya bayan mota da buta, na zaunar da Ummi kan tabarma na ba ta ƙuli-ƙuli, bai fi taku biyar tsakaninmu ba. Na wanke hannu, na ɗebi ruwa na zuba a baki ina kurkurewa, sai na ji an kira sunan. Daga cikin ciyawa, a hankali, da ɗan jan ƙarshensa. Kuma muryata ce. Wallahi tallahi muryata ce.

Yaya Lami ta juyo tana cewa, "Ke, yau kuma ina kunyar..." sai ta ga kumatuna cike da ruwa. Butar ta faɗi daga hannunta.

Ummi kuwa ta riga ta tashi, tana gudu tana dariya, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin uwarta ta kira ta haka ba. Na tofar da ruwan na bi ta ina "Ummi! Ummi!", ko waiwaye ba ta yi ba. Ciyawa ta buɗe, sai ga gwaggon biri, ban taɓa ganin irinsa ba, gashinsa fari fat kamar furfurar tsoho, a tsaye kan ƙafa biyu, ya miƙo hannu yadda ake miƙa wa yaro.

A nan na ajiye kunya. Gaban ubanta, gaban yayarsa, gaban kowa, na ƙwala sunan da iya ƙarfina. Ta tsaya cak ta juyo, tana duban nan tana duban can, wannan tsayawar ce ta sa na cim mata. Na kama ƙafarta, shi ya kama hannunta, muka yi ta ja, ina jin kafaɗarta ta yi ƙas, ta tsala ihu. Na kai masa duka a fuska, ya cafke hannuna da haƙora, na ji sun taɓa ƙashi, ya girgiza kai kamar kare ya sami tsumma, jini ya wanke min zane, amma ban saki ƙafar ba. Warinsa ba warin dabba ba ne, warin tsohuwar rijiya ne.

Baba Dogo ya yanke salla, bai ma tsaya ɗaukar bindiga ba, ya zo ya luma masa wuƙa a haƙarƙari har ƙota. Abin ya sake mu ya koma kansa, suka faɗi suna birgima, ya yage wa Baba Dogo kunci tun daga ido har haɓa, ya gatse masa yatsu biyu ya tofar. Maigidana ya ɗauko bindiga ya danna, ta ƙi tashi, sai ya juya ta yana maka wa abin gindinta a ka, Yaya Lami tana jifa da duwatsu tana salati. Malam Iliya ban san inda ya shiga ba. Can abin ya miƙe, da wuƙar a jikinsa, ya dube ni ido cikin ido, ya shige ciyawa ba gudu ba, tafiya kawai.

Muna loda Baba Dogo a mota muka sake jin sunan, daga nesa. Wannan karon da ihu ne, da kuka a ciki, daidai yadda na ƙwala shi ɗazu.

A hanyar asibiti Baba Dogo yana riƙe da fuskarsa da rawanin wani, ya ce min, "'Yata, sunan dai a bakin akawu ya ji. Amma yadda ya fara kiransa, a hankalin nan, wannan ba a dajina ya koya ba. Kin taɓa faɗinsa?"

Na ce a'a. Ƙarya na yi masa, Allah Ya yafe min. Na taɓa, sau ɗaya. Ranar suna, bayan mata sun fita tsakar gida, na tura ƙofar ɗakina na Unguwar Sarki, daga ni sai jaririya, na sa bakina a kunnenta na raɗa shi, da ɗan jan ƙarshensa. Ko ubanta bai sani ba sai yanzu in ya karanta wannan.

Baba Dogo ya rayu, da ido ɗaya. Mai ɗori ya gyara kafaɗar Ummi. Bana ta shiga aji biyu, malamarsu ta aiko wai in ana kiran suna ba ta amsawa sai ta zo gaba ta kalli bakin malama tukuna. Na ce a ƙyale ta, ni na koya mata. Ɗakin nan na Unguwar Sarki kuwa mun tashi daga cikinsa tun satin da abin ya faru, ban yarda na sake kwana ba.

Ku da kuke kai yara kallon namun daji, in tsohon wurin ya kafa doka ku bi, ko ba ta cikin takarda. Ku kuma gaya wa 'ya'yanku, in sun ji muryar uwarsu ta kira su, su fara neman fuskarta.