Gidan Drago na Huɗu

Drago Vuletich ba magini ba ne tun asali. Motar madara ya tuƙa a garin Kaitaia har gwiwarsa ta gaza, sannan ya sayi ɗan fili a bakin teku, ya ce zai gina musu gidan hutu, shi da matarsa Rawinia. Da hannunsa ya yi shi, da katakon wata tsohuwar makaranta da aka rushe. Ranar da ya buga ƙusa ta ƙarshe ya zauna a baranda, amma shayinsa bai huce ba ya miƙe. Kafin lokacin zafi ya zagayo ya sayar da gidan.

Haka aka yi da na biyu, haka da na uku. Rawinia ta yi ta ɗinka labulen da baƙi daga birnin Auckland, masu sayen gidajen, ke ja yanzu. Ba ta cika magana ba, sai dai duk maƙwabta sun san abin da take so: wuri ɗaya da jikokinta za su san hanyarsa.

Na huɗu a gaɓar Tokerau yake, kuma ya fi sauran kyau. Fenti bai gama bushewa ba wani likitan haƙori ya taya. Drago ya shirya sayar masa da gidan, ya yanka rabin filin ya sayar daban ga mai son gini. Sai ya je wurin Noeline, akawun da ke duba masa harkar haraji, wadda suka yi firamare tare.

Noeline ta gaya masa cewa wannan karon da wuya hukuma ta yarda gidan hutu ya gina wa kansa. Mai ginawa yana sayarwa a kai a kai sana'a yake yi, don haka harajin ciniki zai hau kan gidan da filin duka. Abin da zai rage ba zai sayi wani filin mai kallon teku ba.

"Ni ne ɗan kasuwa? Dubi farcena, Noeline."

"Farcenka tun muna aji biyu haka yake. Ka zauna a gidan mana. Ba a karɓar haraji a kan zama."

Ya dawo gida. Ya wanke kwalekwalensa, ya sake wankewa. Ya yi ta auna shingen da bai da wani aibu. Ya ɗauki waya zai kira likitan, ya ajiye, ya fita duba tankin ruwa. Rawinia tana ƙyafe kifi tana kallonsa ta wutsiyar ido.

Ranar Lahadi, suna cin abinci, ya ce ya fasa sayarwa. Ba zai ba gwamnati ko sisi daga guminsa ba.

"Kaico, gwamnati ta yi asara," in ji Rawinia, ta ƙara masa dankali.

Washegari ƙarar zare ƙusa ce ta tashe ta. Ta tarar ya ɓalle rabin bangon falo, wai hasken rana ba ya shiga yadda ya kamata. Ta daɗe tsaye tana kallon teku ta inda bangon yake a da.

"Ka bar mini murhu da ɗakin kwana, tsoho. Sauran ka rushe yadda ka ga dama."

Suna can har yanzu. Jikokin sun san hanyar gidan sarai, ƙofar shiga ce dai sai sun zagaya sun nemi inda ta koma.