Nicanor Mai Haƙar Rijiya da Kamfanin Taya

Yayana Nicanor Zúñiga a aji uku ya bar makaranta, amma duk yankinmu na arewacin Meziko babu wanda ya kai shi sanin inda ruwa yake kwance. Sai ya tsaya ya dubi ƙayoyin wuri, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce a haƙa nan. Shi ya haƙa babbar rijiyar ƙauyenmu, La Tinajita, shekara biyu yana fama da dutse. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu, amma in ya sha kwalba biyu sai ya yi ta rera waƙa har matarsa Casilda ta kora shi waje.

Shekarar da ya cika hamsin da biyu, wani kamfanin tayar mota na ƙasar waje ya ce zai gina masana'anta, mutum dubu uku za su samu aiki. Jiharmu da jihar da ke kudu da mu suka shiga kokawa a kansa. Gwamnanmu ya yafe harajin shekara goma, nasu ya ce sha biyu. Namu ya ƙara da fili kyauta, nasu ya yi alkawarin layin dogo har bakin ƙofa. Kullum rediyo da sabon tayi, kamar ana cinikin saniya.

Mutanen kamfanin suka zo duba wuri. Suna son hanya mai zuwa bakin iyaka, da ma'aikata masu arha marasa ƙungiya, uwa uba ruwa. Nicanor ya sa rigarsa ta zuwa coci ya kai su rijiya da kansa. Kwana uku injinsu yana zuƙa, ruwa bai ja baya ba. Ya shigo gidana yana washe baki.

"Perpetua, da kin ga idon injiniyan nan! Sai ka ce ya ga amarya."

"Yaya, wanda ya yaba abinka haka, so yake ya ɗauka," na ce masa. Ya yi dariya, ya cinye min wainar masara uku da wake.

Kamfani ya gindaya wa gwamna sharaɗi: a ba shi filin babu kowa a kai, babu shari'a, kafin ƙarshen Afrilu. Filin kuwa gandun gari ne, na gidaje tamanin da huɗu, ba a sayar da shi sai an ɗaga hannu a taro. Shugaban gandun shi ne Lauro Becerra, wanda ya riƙe 'yar Nicanor, Otilia, ranar da aka yi mata baftisma. Tun daga ranar suke kiran juna compadre.

Ran Lahadi bayan coci aka taru a makaranta. A bakin ƙofa na ga wasu ƙarti baƙin fuska, kowa da wani abu dogo naɗe a jarida. Motar 'yan sanda na tsallaken hanya. Lauro ya karanta takarda, ya faɗi yawan peso da kowane gida zai samu. Nicanor ya miƙe.

"Compadre, rijiyar fa?"

"Tana cikin shinge, compadre. Za a riƙa kawo mana ruwa a tanka."

"Ran da tankar ta lalace mu sha me? Roba?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Da aka zo ƙuri'a, hannu hamsin da ɗaya suka ƙi.

Muna fitowa ƙartin nan suka warware jaridunsu, ashe rodi ne. Wani tsoho mai shekara saba'in da tara, ana ce masa Don Melitón, shi ne a gaba. Suka sauke masa ƙarfe a ka, ya kife a kan matakala, jini yana bin siminti. Wani ya finciki Casilda da gashi ya ja ta a ƙasa. Na kama masa riga, ya juyo ya naushe ni, haƙorana biyu na gaba suka zube. Mutum uku suka danne Nicanor, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dakali.

"Wannan ka ɗaga ko, tsoho?"

Sau huɗu suka buga. Ina jin ƙarar ƙashin daga inda nake kwance. 'Yan sanda suna cikin motarsu suna ɓare lemu.

Bayan kwana uku Don Melitón ya cika. Bayan mako guda takarda ta fito cewa taro ya amince, har da sa hannun mamacin. Katafila biyu suka zo da rakiyar bindigogi, suka bi ta kan masara da garken awaki da gidaje sha ɗaya, suka mai da wurin fili fetal.

Ran da aka gama addu'ar kwana tara ta Don Melitón, da tsakar rana, Nicanor ya ci karo da Lauro a ƙofar shago yana goge sabuwar motarsa. Hannun yayana na rataye a wuya, ɗayan na riƙe da shebur.

"Compadre, wallahi ban ce su taɓa kowa ba," in ji Lauro. "In ba mu ba su ba, 'yan kudu za su ba su. Ka tuna da Otilia, aiki za ta samu."

"Kada ka ƙara kama sunanta."

Da hagu ya ɗaga shebur. Bugun farko ya fasa wa Lauro ido, na biyu ya karya masa muƙamuƙi. Yana ƙasa Nicanor bai daina ba, sai da mu mata biyar muka rataye a jikinsa. Ya zauna a gefen hanya yana haki har 'yan sanda suka zo. Alƙali ya ba shi shekara takwas. Cikin ƙartin nan ko ɗaya ba a kama ba.

Yana kurkuku wata biyu kamfani ya sanar da cewa ya zaɓi jihar kudu. 'Yan kudun sun ƙara masa yafiyar haraji zuwa shekara sha biyar, ga layin dogo. Ko sunan ƙauyenmu bai ambata ba. Kakakin gwamna ya fito a rediyo ya ce wasu jahilan ƙauye ne suka kori arziki. Samarinmu da suka sa rai da aiki suka yarda da shi. Suka yi wa gidan Casilda ruwan duwatsu, suka cinna wa rufin wuta. Da ƙyar muka fito da ita ta taga. Ba ta ƙara kwana a La Tinajita ba.

Shekara shida ya yi aka sake shi. Yatsunsa na dama sun lanƙwashe, ko cokali ba sa riƙewa. Casilda ta riga ta koma kudu wajen Otilia, wadda ta samu aiki a masana'antar tana duba taya, sai ya bi su. Ɗaki biyu suke haya a bayan katangar masana'antar, unguwar kullum warin ƙonanniyar roba.

Bara da Kirsimeti na je. Na same shi a tsakar gida yana ɓare gyaɗa da hannun hagu. Na gaya masa Lauro ya rasu, na ce har a gadon asibiti ya tambaye shi.

"Wa ya ɗauki makararsa?" ya ce.

"'Ya'yansa, da mutum biyu da aka biya."

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Can ya tura min kwanon gyaɗar, ya ce in ci a hankali tunda haƙoran gaba babu.