Rigar Talabijin

Tun kafin aurenmu na saƙa wa talabijin riga da zaren ulu, fari da ja, irin wadda amare ke lulluɓawa su ɗora fure a kai. Da muka je saye a Agiye, maigidana ya kafe gaban falasma.

Ya ce, "Dubi, amarya, har hawayen 'yar Indiya ana ƙirgawa!"

Na ga hawayen ɗaya-ɗaya kuwa, zuciyata ta karaya. Amma abu shafal kamar faifai, ina zai riƙe rigar da na cinye damina ina saƙawa?

Muka ɗauko tsohuwar yayi mai ƙusumbi, rigar ta zauna ɗas. Har yau dishi-dishi nake ganin fuskokin masoya, hawayen kuma ni nake zubar musu.